Muryar da ke Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Shekara ashirin da shida ina aikin gyaran sauti a gidan rediyo, kuma ba yabon kai ba, kunnena ba ya ƙarya. Idan mai karanta labarai ya sha ruwan sanyi kafin ya shiga ɗaki, ni nake fara ji. Shi ya sa ranar da ƙanwata Auta ta ajiye min wani tsohon kaset a kan tebur, ko ɗar ban ji ba.

"Yaya, a kayan marigayi Baffa aka tsinto shi," in ji ta. "Saƙon da Baba ya naɗa ya aika masa ne lokacin Baffa yana karatu a waje. Matarsa ta ce akwai muryar mace a ciki, can ƙasa-ƙasa."

Mu biyun mun san muryar Mama muke fatan ta zama. Mama ta rasu Auta tana da shekara uku, ni ina da sha bakwai. Hotonta ɗaya muke da shi, murya kuwa babu ko ɗaya. Tun Auta tana ƙarama take damuna da tambaya, wai yaya muryar Mama take? Ni kuma in ce mai sanyi ce, in kawar da zancen. Gaskiyar da ban taɓa faɗa mata ba ita ce muryar ta daɗe da ɓace min. Ina tuna fuskarta, ina tuna ƙamshin man kekenta, amma muryar ta tafi, kuma abin yana ba ni kunya matuƙa, ni da nake cin abinci da kunne.

Na juye kaset ɗin cikin kwamfuta sau ɗaya tak, ina addu'a kar zaren ya tsinke. Da na sa abin kunne sai ga Baba, Allah ya jiƙansa, yana zuba kamar an buɗe famfo: gaisuwa, nasiha, labarin rufin ɗaki da ke yoyo, sai kuma wata nasihar. A bayansa keken ɗinkin Mama yana ta sukuwa, kar-kar-kar, da wani ɗan ƙara siriri da ke dawowa duk juyi. A ƙarƙashin wannan duka kuma akwai wani abu da ke ɗagowa ya nutse. Mutum ne yake magana, babu shakka, amma ko kalma ɗaya ba ta fita.

Na fara da sabuwar manhajar da matasan ofis suke ta kurantawa, wadda ake ce tana tsame murya daga kowace irin hayaniya. Cikin minti biyu ta miƙo min Baba tas, har numfashinsa ana ji. Muryar macen kuwa, manhajar ta haɗa ta da keke ta watsar a matsayin shara. Na yi dariyar takaici. Ko na'ura ma mai babbar murya take saurara.

Sai na koma tsohuwar hanyarmu. Ana nemo wani ɗan wuri a naɗin inda hayaniyar take ita kaɗai, a nuna wa kwamfuta, a ce ga ɓarawon, ita kuma ta bi naɗin kaf tana cire shi. To amma a nan aka samu cikas. Baba ba ya shiru. Minti talatin, sau bakwai kawai ya tsaya, kuma duk sanda ya tsaya, a daidai nan ne muryar nan take ɗagowa. Wato Mama jira take ya ja numfashi ta saka tata. Babu inda keken yake shi kaɗai ko na daƙiƙa biyu.

Kwana uku abin yana cina. A rana ta huɗu ina cikin ɗaura igiyar takalmi na tuna cewa keken nan bai mutu ba. Yana shagon Auta, shi ta gada, da shi ta koyi sana'a. Na kira ta na ce gobe da rana zan zo in naɗi ƙararsa shi kaɗai.

Na iso da makirufo na tarar da keken yana ƙyalli kamar sabo. Auta tana tsaye gefensa tana murmushin wadda ta yi abin kirki.

"Na wanke shi, na zuba masa mai, na sa masa sabon bel," ta ce. "Ai ba na bari a ɗauke shi da datti ba."

Ta taka feda. Keken ya tafi sumul, shiru-shiru, ba ɗan ƙaran nan ko alama.

"Auta! Wa ya aike ki? Hayaniyar nake nema, ke kuma kin kashe ta!"

"To Yaya, ka ce min kar in taɓa? Wane tela ne za a ce ana zuwa ganin kekensa ya bar shi yana kuka?"

Gaskiyarta, amma ban ce mata haka ba. Na zauna a kan bencin masu jira ina huci. Ita kuwa ta ɗauki abin kunnena ba tare da neman izini ba, ta ce in kunna mata. Na yi zaton Baba za ta saurara, ashe keken take bi. Ta rufe ido, ƙafarta tana motsi a ƙasa.

"Wannan ba kukan rashin mai ba ne," ta ce. "Bel ne. An haɗe bakinsa da waya, duk sanda mahaɗin ya hau kan ƙafar keken sai ya yi wannan ƙaran. Kuma ba yadi mai laushi Mama take ɗinkawa ba, ji yadda allura take dukan abu mai kauri. Kaki ne. Tana yin gajeren gudu tana tsayawa, ina jin aljihu take ɗorawa."

Na saki baki ina kallonta. Na saurari wannan naɗin ya fi sau arba'in, ban ji aljihu ba.

"Kakin makarantarka ne ma, ina jin," ta ƙara, tana min kallon tsokana. "An ce kai ne sarkin yaga aljihu."

Ta juye kwandon ƙyallaye ta zaro tsohon bel ɗin, baƙi, ya sha jiki, ga wayar nan a bakinsa. Ta ce tun da ta gaji keken take lallaɓa shi, in ya saki ta datse ta sake ɗaurewa, jiya ne kawai ta cire. Ta mayar da shi, ta nemo ragowar kaki. Ni kuma na kashe fanka, na rufe ƙofa, na je na roƙi mai walda na kusa da ita ya ba mu minti goma.

"Ki sa abin kunnen, ki bi takun Mama," na ce. "In ta gudu ki gudu, in ta tsaya ki tsaya. Kuma don Allah kar ki ce uffan. Ko tari ya zo miki, haɗiye shi."

Ta taka. Ɗan ƙaran ya dawo, daidai shi. Na tsura wa allurar na'urata ido, ban ko kalli Auta ba har muka gama.

Da safiyar Lahadi na zauna a ɗakina na gida na shiga aikin. Na nuna wa kwamfuta ƙarar shagon Auta, na bi wurare bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri. Ka cire da yawa, muryar ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu, ka cire kaɗan, keken ya danne ta. Ina ragewa ina saurara, ina ƙarawa ina saurara, har shayina ya huce. A wuri na uku keken ya ja baya, sai na ji tsaki, sannan murya ta fito sarai:

"Kai, wannan zaren!"

Raina ya ɓaci nan take. Muryar Auta ce. Tsakinta ne, da yadda take jan ƙarshen magana, na ji ta faɗi haka ya fi sau dubu. Wato ta yi magana a shago, ni kuma garin haɗe-haɗe na zuba naɗin shagon a kan na kaset. Aikin safiya guda ya tashi a banza. Na kira ta a waya na ce ta zo ta ji aika-aikarta.

Ta zo da zare a jikin mayafinta. Ban ko bari ta zauna ba.

"Na ce kar ki yi magana ko ban ce ba?"

"Wallahi Yaya ban buɗe baki ba."

"Ni za ki gaya wa? Kunnen nan?"

"To kunna na shagon mu ji."

Na kunna, don in kunyata ta. Minti tara da 'yan kai muka saurara. Keke, bel, kaki, wata mota da ta wuce can nesa. Babu tsaki, babu zare, babu kowa. Na duba allon kwamfuta da kyau, na ga ban haɗa komai da komai ba. Muryar nan daga cikin kaset ɗin take.

Na miƙa mata abin kunne, ni na buɗe sifika ƙasa-ƙasa, na kunna wuri na uku.

Ta saurara, ta ɗago kai. "Wace ce wannan?"

Da ma na san haka za ta ce. Duk wanda na taɓa naɗa a rediyo, in aka kunna masa sai ya rantse ba muryarsa ba ce. Mutum ba ya jin kansa yadda duniya take jin sa. Na wuce wuri na huɗu, na saita shi kamar na uku. Baba ya ja numfashi a tsakiyar zancen rufin ɗaki, muryar ta shigo, da dariya a cikinta:

"Auta, ɗauke yatsanki daga bel ɗin nan. Zo nan, zo ki riƙe min bakin yadin, bar Babanki ya yi ta zuba."

Auta ta zauna a bakin gado a hankali, hannayenta biyu sun danne abin kunnen. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, hawayen ne kawai suke sauka a kan mayafin. Ta ɗaga yatsa alamar in maimaita. Na maimaita sau biyar.

"Ashe tana kiran sunana," ta ce. Can kuma ta share fuska ta harare ni. "Kai kuma ka ce min mai sanyi ce. Ina sanyi a nan? Wannan ai 'yar tsokana ce."

"Na manta ne, Auta," na ce. "Tun da daɗewa na manta. Kunya ce ta hana ni gaya miki."

Ban taɓa jin nauyin shekarun nan kamar lokacin ba. Shekara talatin da huɗu ina neman muryar nan a cikin kaina, alhali kullum tana kirana a waya tana min faɗa a kan ba na cin abinci a kan lokaci.

"To yanzu ka tuna?" ta ce.

Na cire gilashina na ajiye a kan tebur.

"Sake tambayata," na ce mata. "Faɗi ko mene ne ma. Ina saurara."