Birnin da Aka Wanke a Juye

Yana tsaye gaban hoto na uku 'yarsa ta ja hannun rigarsa.

"Baba, karanta ƙasan."

Mai hoto ya gyara tabarau ya sunkuya. An rubuta da ƙananan haruffa: Tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ba a san wanda ya ɗauka ba. Daga taskar Dakta.

Shi kuwa ya san wanda ya ɗauka. Ya ma san wanda ya hau rufin shagon tela da kyamara a wuya, ya zame ya faɗo, ya yi wata biyu yana ɗingishi. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar birnin nan: gadoji, gidajen silima, layin masu gyaran agogo, duk abin da daga baya aka rushe don a samu wurin ajiye motoci. Bara ne Dakta, ɗan marigayi amininsa, ya zo gida ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Kawu, tarihi yana kuka." Ya tafi da akwati uku na fim. Ga shi tarihi ya share hawaye, ya samu ɗakin baje koli mai sanyi da masu raba lemo.

"Duk haka suke, na zagaya," in ji 'yar. "Sittin da biyu. Ko mai kafa ƙusa an sa sunansa a takardar godiya."

"Ai ƙusa aiki ce," ya ce, ya matsa gaba.

A hoto na bakwai ya tsaya. Gada tana hagun tasha, alhali a dama take. Tela yana yanka da hagu. Dattawa biyu suna musabaha, su ma da hagu. Fim yana da gaba da baya, ɓangare mai sheƙi da marar sheƙi, kuma wanda ya wanke waɗannan bai san da zancen ba. Inda akwai rubutu a bango an gane an gyara. Sauran birnin kuwa an kifa shi.

Can gaba Dakta yana yi wa baƙi bayani. "Ku lura da yawan bahagwai a wancan zamani. Abin mamaki ne. Ina kan rubuta maƙala a kai."

Baƙi suka gyaɗa kai.

Da Dakta ya hango mai hoto da 'yarsa, sai ya taho da sauri, hannu biyu a miƙe.

"Kawu, ashe ka samu fitowa. Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta gode. Ita dai an tuna da ita."

"Yaya Dakta," in ji 'yar, "tun kana yawo ba wando yake ɗaukarka hoto. Yau kai ne ba ka san shi ba?"

Dakta ya waiga, ya rage murya. "Ka'idar masu ba da tallafi ce, ƙanwata. In mai aiki yana raye, takardu sun yi yawa. Amma tunda abin ya taɓa ku, gobe sai a liƙa 'yar takarda da sunan Kawu. A bakin ƙofa."

Mai hoto ya daɗe yana kallon dattawan nan biyu. Ya san su duka, ya je jana'izar kowannensu.

"Bar shi yadda yake, ɗana," ya ce. "Gaskiya ka rubuta. Ni ma ban san wanda ya yi wannan aikin ba."

Ya karɓi lemo daga tire, ya kurɓa.

"Maƙalar nan taka, in ta fito, a aiko mini."