Fedar Hagu

Shekara talatin direban nan yana kwance tayar mota, yau ga fedar hagu ta tsohon kekensa ta gagare shi.

Ya sa sifana mai buɗaɗɗen baki, ya murɗa hagu, feda ko gezau. Ya ɗauko mai zobe, ta ƙi shiga wurin. Ya gwada wadda ake ƙara wa baki a rage, ta zame ta ɓare masa yatsa. Ya zauna yana kallon akwatin kayan aikinsa. Fedar dama fa ba gardama ta fita. To wannan me aka yi mata?

Matarsa, wadda ta tashi a rumfar gyaran keken mahaifinta, ta ajiye wanki.

"Maigida, murɗa dama."

"Dama ai ɗaurewa ne."

"Ban da fedar hagu. Tun ɗazu ƙara ɗaure ta kake yi."

Ta ɗauki sifanar farko, ta danna da ƙafa. Feda ta saki.

"Sifana uku ka canja," in ji ta, "ni da nake tsaye ba ka tambaye ni ba."