Kwalbar da Burul Ta Hana

Shagona ne kaɗai ke da lasisin sayar da giya a ƙauyenmu, can gefen hanyar Karakol. Tun da mijina Asan ya tafi aikin gini Rasha nake riƙe da shi. Doka ta hana sayar wa wanda bai cika shekara sha takwas ba. Ni kuwa uwa ce, ko babu doka ba zan sayar ba.

Wata rana da hantsi Ulan, jikan tsoho Sagimbek, ya shigo da kayan makaranta a jikinsa. Ya kira ni eje, yadda ake girmama babbar mace a wurinmu, ya ce, "Burul eje, kakana ya yi baƙi, ya ce ki ba ni kwalbar bodka."

Na ce, "Koma ka ce ya aiko babba."

Ba a jima ba sai ga tsohon da kansa bisa doki, ko sauka bai yi ba. "Ke matar Asan! Ni za ki kunyata gaban baƙi? Tun ban iya fyace majina ba nake sayo wa ubana, ga ni nan, me ya same ni?"

Na ce, "Sagimbek ata, babanmu, ga ta, karɓi da hannunka. Yaro ne dai ba zan ba wa ba."

"Riƙe abinki, ki jiƙa ki sha!"

Ya juya akalar dokinsa ya nufi rumfar Mederbek. Shi Mederbek sigari da alewa yake sayarwa a fili, kwalaben kuwa suna ƙarƙashin tebur, babu lasisi, babu tambaya. Duk wanda hannunsa ya kai taga a ba shi. Daga ranar dangin tsohon suka ƙaurace mini, ko ashana ba sa saye a wurina.

Na je na sami Temirlan, ɗan sandan ƙauyenmu, yana shan shayi a ofis. Na faɗa masa abin da yaran makaranta ke sayowa a rumfar nan.

Ya ce, "Eje, sai an kama shi hannu dumu-dumu. Kina da shaida?"

"Garin nan kaf an sani."

"Garin nan kaf ba ya zuwa kotu."

"To ka je ka tsaya bayan rumfar mana, ko ƙafarka ciwo take?"

Ya yi dariya ya ce zai duba. Ƙanwar Mederbek yake aure. Na koma na sake komawa, har ya zama in ya hango ni sai ya tuna da wani aiki a gunduma.

Ranar da aka rufe makaranta, yaran ajin su Ulan suka tafi bakin magudanar ban-ruwa da kwalabensu. Lokacin ƙanƙarar duwatsu na narkewa, ruwan ya cika yana gudu. Ulan ya zame ya faɗa. Wani makiyayi ne ya fizgo shi, kafaɗa a karye, jiki kamar gawa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya farfaɗo a asibiti.

Sai ga jami'ai daga gunduma. Tun safe Mederbek ya garƙame rumfarsa, wai ya hau dutse duba dawakinsa. Wa ya tsegunta masa, ban gani ba balle in faɗa. Wurina suka zo, don sunana ne kawai suka sani a masu lasisi. Suka birkice shagon, babbansu ya nuna takardar gargaɗin hana sayar wa yara da ke manne a ƙofa, ya ce rana ta cinye rubutun, ba ya karantuwa, wannan ma laifi ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku je asibiti ku tambayi yaron inda ya saya!"

"Mun tambaya. Ya ce bai tuna ba."

Ai dole ya manta. Kakansa na zaune a gefen gadon, kuma da su da Mederbek kaka ɗaya ne. Suka dakatar da lasisina har zuwa lokacin kaka, suka liƙe kantar giyar da hatimi.

Da yamma Kanikei, uwar Ulan, ta shigo sayen sukari. Ta jira shagon ya watse, sannan ta ce a hankali, "Na san ba ke ba ce."

"To ki je ki faɗa musu."

Idonta ya ciko. "Gidan surukina nake zaune, Burul. In na faɗa, ina zan kwana?"

Na so in yi mata ihu, amma na dubi fuskarta, ta yi kwanaki ba barci. Na auna mata sukarin, na ce ta gaishe da mai jiki.

Mederbek ya sauko daga dutse a makon da ya biyo baya. Yanzu babba da yaro duk tagarsa suke zuwa, don babu wani wurin. Daga ƙofata nake hango su, har da yaran makaranta.