Babu Ful a Gidan Dattijo

Iskar farkon damina ta kwashe rumfar da ta kewaye kwamin wankan Mama ranar Talata da la'asar. Kwano da raga da ƙarafuna, duk ta nannaɗe su ta watsa a gonar maƙwabta.

Kwamin ba na ado ba ne. Tun da ɓarin jikin Mama ya shanye, likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa kullum, yayyena suka gina mata shi a bayan gidanmu na Sangere. A cikinsa ta fara taka ƙafar hagu. Amma benen ɗalibai yana kallon bayan gidan, Mama kuwa ta ce gara ta ƙare a kujera da ta shiga ruwa samari suna leƙenta. Kwana tara ba ta shiga ba, ƙafar ta soma sandarewa.

Na raka Baba ofishin inshora a Jimeta. Ma'aikacin, Malam Mika'ilu, ya zaro fom ɗin da Baba ya cike bara, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Baba Manasseh, nan an tambaye ka ko akwai ful a gidanka. Ka ce babu. Har ka ja layi biyu a ƙarƙashi."

"To, babu mana. Shekara ashirin ina dattijon coci. Ni za a tambaya ko ana caca a gidana?"

Nan na gane inda matsalar take. A garin nan in an ce ful, shagon cacar ƙwallo ake nufi, inda maza ke cike takarda ranar Asabar. Fom ɗin kuwa, da Turancinsa, kwamin wanka yake tambaya.

Malam Mika'ilu ya rufe baki da fayil, kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya yi bayani: abin da ba a rubuta ba, inshora ba ta san da shi ba, balle rumfarsa.

Ba na iya magana a gaban baƙi, amma sai na ji muryata ta fito.

"Wakilinku ya zo gidan. A bakin kwamin ya zauna, ya sha zoɓo kofi biyu, har ya ce ruwan ya yi kyau. A gabansa Baba ya ja layin. Me ya hana shi magana?"

"Ƙanwata, wannan ya bar aiki."

"Idonsa ma ya bar aiki a ranar?"

Ya daina dariya. Ya shiga wurin manaja, ya daɗe, ya dawo da farar takarda.

"Hanya ɗaya ce. Baba ya rubuta da hannunsa cewa bai fahimci Turancin fom ɗin ba. Da wannan za a biya."

Shekara talatin da biyu Baba yana koyar da Turanci. Rabin ma'aikatan sakatariya sun sha bulalarsa a kan nahawu. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Jemimah, tashi mu tafi. Yaron da na isa in haifa ba zai sa ni in rubuta cewa ni jahili ba ne."

Ban tashi ba. Raina ya ɓaci da shi fiye da yadda ya ɓaci da su.

"Baba, jiya Mama ta faɗi a banɗaki. Ni na ɗaga ta. Ta ce kada in gaya maka."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Ta ji ciwo?"

"A gwiwa. In ka fita, kai za ka gaya mata dalili. Ni ba zan faɗa ba."

Malam Mika'ilu ya miƙo biro. Baba bai ko kalle shi ba. Ya dawo ya zauna, ya zaro nasa daga aljihu, ya jawo takardar. Ya dafe ta da hannun hagu.

"Kau da kanka," ya ce wa ma'aikacin, ya soma rubutu.