Gargaɗin da Ya Ɓace

Tana tsaye a ƙofar ɗakin marasa lafiya da ledar lemo a hannu, ta kasa shiga, ta kasa juyawa. Ita ce ke rubuta littafin gyaran injinan kamfaninsu, wanda ke kwance ciki kuma makanikensu ne, an naɗe masa hannun dama da bandeji har gwiwa.

Littafin ba na takarda ba ne. Kowane sashe da alamarsa, wannan take, wannan mataki, wannan gargaɗi, sai manhaja ta karanta alamomin ta shirya shafi a kwamfutar hannu ta makanikai. Da sabon tsari ya fito, aka sauya wa alamar gargaɗi suna. Ta mayar da littafin kaf zuwa sabon tsarin, oga na tsaye a kanta yana duba agogo. A kwamfutarta komai ya fito tsaf. Gwadawa a tsohuwar manhajar da makanikai ke riƙe da ita kuwa, ta ce sai gobe. Ita kuma tsohuwar manhajar ba ruwanta da tambaya, alamar da ba ta sani ba tsallakewa take yi. Haka gargaɗin "a bari tukunyar injin ta huce kafin a kwance murfi" ya yi ɓatan dabo, tururi ya dafa hannun bawan Allah.

Tana jin labarin da safe ta gane. Nan take ta gyara, ta tura wa kowa gyaran, ta ja bakinta ta yi gum. Kafin azahar ana maganar sallamar makaniken daga aiki, wai ya take gargaɗi. Sai ta sayi lemo ta nufo asibiti.

"Shigo mana, 'yar'uwa," in ji matarsa. "Zo ki ga gwanin da ba ya karatu. Wannan ko takardar magani ba ya dubawa."

"Yauwa, Malama, Allah ne ya kawo ki," ya ce yana ƙoƙarin tashi zaune. "Ke ce mai rubutun, ki raba mu. Wallahi layi-layi na bi shi, babu wani gargaɗi. Ga yara a makaranta, an ce za a kore ni. Ke, miƙo min kwamfutar nan in nuna mata."

Matar ta riƙe masa, yana jan shafin da yatsan hagu, da ƙyar. Shafin ya buɗe. Ga gargaɗi nan a sama, ja wur, har da hoton hannu da tururi.

Ya daɗe yana kallo. Matar da ke ta tsiya ɗazu ta gyara masa matashi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe idona ne." Ya ɗago ya dube ta, kunya ta rufe shi. "Malama, ki yafe min. Saura kaɗan in ɗora miki laifin da ba naki ba."

Gaskiya na nan a kan harshenta, amma baki ya riga ta.

"Ba komai," ta ce.