Wanda Zai Tuna wa Iliyasu

Gindin bindigar ya sami Iliyasu a haƙarƙarin hagu. Ɗanladi yana tsaye riƙe da igiyar jakinsa, tsakaninsu bai fi taku goma ba, don haka ya ji ƙarar sarai, irin ta busasshen kara idan an taka shi. Tsohon bai yi kuka ba. Ya saki sandar bukkar da ya ƙanƙame, ya durƙusa, ya kifa goshinsa a rairayi. Sojan da ya buge shi, wani dogo mai suna Gazali, ya sa takalmi ya ture shi gefe, ya finciko tabarmar rufin ya wurga ta cikin wuta.

Tun fitowar rana ake wannan aiki a bayan kasuwar Kanan-Bakashe. Shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi, kuma makiyayan arewa da dabbobinsu suka ƙare sun gangaro sun kafa bukkoki wajen sittin a bakin hanya, suna jiran abin da Allah zai aiko. To, ranar nan manyan baƙi za su wuce daga Yamai da tsakar rana don su ga yadda ake fama da yunwa, hafsan sojan da ke mulkin yankin kuwa ya ga bai kamata su tarar da yunwar zaune a bakin hanya ba. Sai ya ba da umarni a kwashe mutanen a kai su bayan tudu, inda ido ba ya kaiwa. A zamanin mulkin soja ba a tambayar dalili, sai dai a tambayi ina za a ajiye kaya.

Mata da yara aka cusa su cikin kamyo biyu, manyan motocin kaya. Tanna, 'yar Iliyasu, ta ƙi hawa, ta rungume ubanta a ƙasa tana ihu, sai da sarjan da ke jagorantar aikin ya zare bel ya zuba mata, ƙarfen ya fasa mata gira, sannan sojoji biyu suka ɗaga ta suka jefa kan sauran matan. Kamyo ya ja tana kiran sunan Ɗanladi, jini yana shiga mata baki. Maza masu sauran ƙarfi aka kora su da ƙafa, ana bin su da bulala. Duk amalanken garin an kama su don ɗaukar tarkace, suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, har filin ya rage daga hayaƙi sai tsohon da ke kwance da amalanken Ɗanladi, na ƙarshe.

Sarjan ya dubi Iliyasu, ya dubi agogonsa, ya yi tsaki. Barin shi a nan ba zai yiwu ba, tunda nan ne motocin za su bi. Ya sa Ɗanladi ya ɗora shi a amalanke, ya ce wa Gazali tunda shi ya kayar da shi, shi zai raka shi, kuma in har baƙi suka iso amalanken bai ƙetare jar hanyar, can inda ta lanƙwaso tsakanin gari da tudu, ya ɓace bayan tudu ba, shi da kansa zai ɗaure Gazali a rana kwana uku.

Ɗanladi mai sayar da ruwa ne, yana ɗauko shi a tano, wato ganga, daga rijiya mai nisa. Kirista ne, ɗaya daga gidaje uku kacal a garin. Ubansa ba'azne ne da ya mutu yana yanka wa iskoki jan zakara. Shi kuwa wani gyambo ne ya kai shi asibitin mishan wajen Maraɗi yana saurayi, ya dawo da ƙafa lafiya da kuma wani addini. Mutane suna ce masa ɗan mishan, suna sayen ruwansa, ba sa cin yankansa, a haka aka zauna lafiya shekara ashirin. Tun zuwan makiyayan, kullum da yamma yakan tsaya a bukkar Iliyasu ya tsiyaye musu abin da ya rage a gindin tano. Tsohon yakan karɓa yana tsokanarsa, wai ruwan ɗan mishan ya fi na liman sanyi, kada dai liman ya ji.

Suka kama hanya. Jakin ƙashi ne da fata, rairayi kuma ya yi zafin da takalmin roba ke laushi a kansa. Ɗanladi yana gaba yana ja, Gazali yana baya yana zagi, duk lokacin da ƙafar amalanken ta nutse sai ya kai wa jakin duka da gindin bindiga. Ɗanladi yana tsoro, tsoro na gaske. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ya san Kirista ba shi da mai tsaya masa a bariki. Ya ƙudura a ransa zai kai tsohon, ya sauke shi a hannun 'yarsa, ya koma gida bai ce wa kowa uffan ba.

Sun kusa jar hanya, ana hango ta, sai ya ji ana kiransa da wata shaƙaƙƙiyar murya. Ya waiwaya. Jini mai kumfa yana fita daga bakin Iliyasu yana bin gemunsa. Ɗanladi ya taɓa zaman jinya a asibiti, ya san abin da kumfar nan take nufi.

"Ɗan mishan," in ji tsohon, "kaina ya juye. Ina neman kalma, tana gudu. A tuna mini."

Ɗanladi ya gane. Ya sha zama a gidan maƙwabta ana jinya, ya ga yadda ake yi idan rai ya zo fita: wani na jiki yakan zauna daf da kunnen mai mutuwa yana maimaita kalmar shahada a hankali, har shi ma ya kama, ta zama ita ce maganarsa ta ƙarshe. Shekara saba'in Iliyasu yana salla yana fatan wannan, ga shi an raba shi da duk wanda zai yi masa.

Wani abu ya taso wa Ɗanladi a ƙirji. Ya san abin da fasto zai ce: ga rai a bakin ƙofa, ga ka da bishara. Kuma shi ma ya gaskata, ba da wasa ba. Ya sunkuya ya ce, "Baba, in yi maka addu'a da sunan Yesu?"

Tsohon ya ɗan motsa hannu. "Ka yi daga baya. Yanzu tawa nika so."

Kalmar kuwa Ɗanladi ya san ta, wa zai zauna garin nan bai san ta ba? Sau biyar a rana take shigo masa ta kan katanga. Amma bai taɓa furta ta ba, don a wurinsa shaida ce, ba a yin ta da baki kawai, kuma ba zai yi wa Allah ƙarya a kan mai mutuwa ba. Ban da haka, yana ganin tsohon ya cancanci ya ji ta daga bakin wanda ya yarda da ita. Ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma. Ba gida, ba matafiyi, ba ko akuya. Musulmi ɗaya ne a duk faɗin dajin nan, shi ne ke tsaye da bindiga yana tambayar uban wa ya ce a tsaya.

Ɗanladi ya gaya masa abin da tsohon yake so. Gazali bai ko kalli amalanken ba. Ya ce a bayan tudu akwai malamai, a kai shi can su yi masa. Ɗanladi ya ce ba zai kai ba. Gazali ya ce to ya mutu a hanya, Allah ya san nasa, ya ɗaga bindiga ya nuna gaba.

Abin da Ɗanladi ya yi daga nan, shi kansa bai shirya shi ba. Ya tura dutse ƙarƙashin ƙafar amalanken, ya kwance igiyar cikin jakin, ya sauke sandunan amalanken a hankali don kada tsohon ya girgiza, sannan ya zabga wa jakin sanda a gindi. Dabbar da ba ta yi gudu ba tun bara, ranar sai ta tuna, ta miƙe sai gari.

Marin farko a kunnen dama ya sauka, da tafin hannu a buɗe. Ɗanladi ya ji wani abu ya fashe a ciki, sai ƙara kamar an kifa masa ƙwarya. Ya faɗi. Gazali ya bi shi da takalmi, a ciki, a baya, a baki. Haƙori ɗaya ya fita ya haɗiye shi da jini. Sojan yana duka yana haki yana ambaton kwana ukun da za a ɗaure shi, yana kiransa kafiri, ɗan kafiri, yana cewa ya tashi ya ja amalanken da wuyansa tunda ya kori jaki. Da ya gaji, sai ya ɗana bindiga ya ɗora masa bakinta a goshi. Ƙarfen ya sha rana, yana ƙuna.

Ɗanladi ya tabbata ya mutu. Ya tuna da matarsa Hawwa, ya ji haushin kansa, ya ji kuma ya tsani mutumin nan tsana mai tsanani, ba wata ƙaunar maƙiyi da ta zo masa a lokacin. Abin da ya zo masa kawai shi ne tsohon yana can yana jira. Ya tofar da jini ya ce:

"In ka kashe ni, saura kai da shi. Ko yaya dai kai ne. Ni kahiri ne, ka hwaɗi gaskiya, shi ya sa ba ni iyawa. Kai ka buge shi, kuma kai kaɗai ke iya tuna mishi."

Daga amalanke aka ji tari, sai muryar tsohon tana kamo "la" tana saki, tana sake kamowa. Gazali ya juya kai, karon farko tun safe da ya dubi fuskar mutumin da ya buga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya jingine bindigar a jikin ƙafar amalanken, ya matsa, ya tsaya a kan tsohon ƙiƙam kamar a fareti, ya daka tsawa: "Ce la'ilaha illallahu!"

Iliyasu ya firgita, ya ɗaga hannu yana kare fuska.

Ɗanladi ya ja jiki da gwiwa ya kama gefen amalanken. Ya ce ba haka ake yi ba. Ba a ce wa mai mutuwa ya ce, kada zafin ciwo ya sa ya ce a'a. Zama ake yi kusa da kunnensa, a yi ta faɗa a hankali kamar mutum yana yi wa kansa, shi zai biyo. Kuma ya cire hular soja, don hular ce tsohon yake tsoro. Gazali ya ce shi bai taɓa yi ba; lokacin da ubansa ya rasu yana bariki a arewa. Ɗanladi ya ce to yau ya yi.

Sojan ya cire hula, ya durƙusa a rairayin mai zafi, ya kai bakinsa kunnen tsohon. Da farko muryar ta fito a bushe. A karo na huɗu ko na biyar ta sauka, ta zama irin wadda ya koya a gaban malaminsu tun yana ƙarami. La'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi. Ɗanladi ya zagaya ɗaya gefen, ya tallafi kan Iliyasu ya jingina shi a kafaɗarsa ta dama don jinin ya daina shaƙe shi, yana share masa baki da gefen riga. Shi bai furta kalmar ba.

A haka motocin suka zo. Guda bakwai ne, da babur biyu a gaba suna jiniya, suka bi jar hanya bai fi jifa biyu daga inda suke ba. Gazali ya ji su, bayansa ya sandare, Ɗanladi ya ga yadda jikinsa ke neman miƙewa ya sara. Bai miƙe ba. Ya rufe ido ya ci gaba da faɗa, hawaye da gumi suna ɗiga a kan rawanin tsohon, har ƙarar motocin ta yi nisa. A cikin wannan hayaniya ne leɓunan Iliyasu suka motsa a gefen wuyan Ɗanladi, suka motsa kuma, sannan kan ya yi nauyi.

Gazali bai daina ba sai da Ɗanladi ya taɓa masa hannu. Ya buɗe ido, ya ga an shafe wa tsohon idanu. Ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon tafin hannunsa. Can ya ɗago, muryarsa ta koma ta mai roƙo.

"Ya hwaɗa? Motocin sun hana ni ji. Bakinshi wajen kunnenka yake. Don Allah, ya hwaɗa?"

Ɗanladi ya so ya ce e. Da ya ce, da ya huta, da sojan ya huta, da Tanna ma ta sami abin riƙewa idan ta tambaya, kuma za ta tambaya. Ya sa yatsa ya taɓa kunnensa na dama, yatsan ya fito da jini.

"Na ga bakinshi ya motsa," ya ce. "Amma ban ji ba. Kunnen nan ne ka mara."

Ɗanladi ya gyara wa mamacin rawani ya rufe masa fuska, ya kama sanda ɗaya ta amalanken ya ɗaga, ya tsaya yana jira. Sojan ya tashi, ya ɗora bindigarsa a gefen gawar, ya kama ɗayar.