Gaisuwar da Ta Ci Haladu

A rundunar da aka tura wata ƙasa ta bakin teku don raba yaƙin basasa, Mumuni ɗan Gangara ne ke goye da rediyon sadarwa. Doka ɗaya aka cusa musu a ka: faɗi abin da ke bakinka ka kashe, domin 'yan tawaye na da na'urar da ke bin murya har inda take fitowa. To amma wa ya isa ya hana mutumin ƙasar Maraɗi gaisuwa?

Ranar da aka kira shi daga shingen bakin wata gada, ya ji muryar Haladu ɗan Gidan Sori, abokinsa da suka shiga soja tare, sai doka ta bi iska. Ina gajiya, ina labarin gida, ko an ce ruwa ya sauka, yaya tsohuwa da ƙafa. Haladu na cikin amsawa bom ya sauka a kansa. Da su Mumuni suka isa, a bargo aka tattara shi. Hannunsa kuwa can gefe aka tsinta, yana riƙe da kan rediyon.

Mumuni ya dawo gida ana tsakiyar kamfe, sojoji sun yi alkawarin miƙa mulki, kowace bishiya da tutarta. Labari ya riga shi isowa, kuma Garba, wan Haladu, ya rantse a gaban uwarsu cewa mai surutun nan ba zai ga kaka ba.

Ranar kasuwar garin Agiye Garba ya ritsa shi a tasha. Gora ta farko ta fasa masa goshi, ta biyu ta karya hannun da ya kare da shi. Samarin jam'iyyu, da yake ba sa tambaya, suka ɗauka rigimar siyasa ce, suka kaure da jifa a tsakaninsu, masu tumatir na kwasar faranti suna gudu. Babu wanda ya waiwayi mutum biyun da ke ƙasa.

Garba ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya zare wuƙa, amma bai soka ba. Mumuni ya ga cewa mutumin nan dalili yake nema ya ƙyale shi.

"Hwaɗa mini abu guda," in ji Garba. "Ya samu kalmar shahada?"

Da Mumuni ya ce e, da ya tashi da ransa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, yana son ransa kamar kowa, amma ya kasa yi wa Haladu ƙarya. Ya tofar da jini.

"Bai samu ba. 'Lahiya lau' yac ce mini."

Wuƙar ta shige ƙasan haƙarƙari har ƙota. Garba bai gudu ba. Ya tallabo kan Mumuni ya ɗora a cinyarsa, ya duƙa daidai kunnensa yana kuka, yana laƙanta masa kalmar shahada, yana roƙonsa ya yi sauri.